Ranar da Aka Ɗauke Keken Baba a Bakin Titi

Rimouski,
Lahadi, 11 ga Yuli.

Zuwa ga yayana Rosaire,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Colette. Allah ya ƙara wa gwiwar nan taka sauƙi, ya tsare ka a wurin aikin man da ka ƙi bari har kanka ya yi fari. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mama tana cin abinci, tana barci, tana faɗa da rediyo kamar kullum. Idonta yana nan yadda likita ya faɗa a watan Afrilu, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ya ce kada mu sa rai zai kai mu ƙarshen sanyin bana. Mijina Armand yana gaishe ka, bayansa ya yi sauƙi tun da ya daina ɗaga akwatuna ya koma ba da umarni. Gona ta yi kyau, ruwa ya zo a kan lokaci. To, na gama gaisuwa. Na yi ta cikakkiya ne don kada ka ce ba ni da tarbiyya. Yanzu gyara zama.

Ka san abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya. Sau uku ina kiranka tun da muka dawo daga Québec, sau uku da na iso kan maganar ɗanka sai layi ya lalace, ko a kira ka wurin aiki ranar Lahadi da rana tsaka. Takarda ba ta katsewa, Yaya. Ko ka ajiye ta, Colette za ta ɗauka ta karanta maka da ƙarfi, na kuma san za ta ji daɗin yi.

Bari in tuna maka mafarin abin, tunda mantuwa takan kama ka daidai inda take yi maka amfani. A watan Mayu ka kira ni da muryar nan taka mai zaƙi da kake ajiye wa ranar roƙo, ka ce lokaci ya yi da za a kai Mama ta ga garinsu tun idonta yana gani. Na ce maka otal a Québec da rani ba na irinmu ba ne. Ka ce wane otal kuma, ga ɗanka Yannick yana zaune a can da ɗaki a banza, kwana biyu yini uku, ba kuɗin masauki, ba na abinci, man mota kawai. Sau huɗu ka ce kyauta, ina ji ina lissafawa. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kasuwa, ni ce mai gaya wa sababbin shiga su yi hattara da mai yawan ambaton kyauta. Sai ga ni na haɗiye ta har da ƙugiya.

Ka san abin da Mama take so, ba wani abu ne mai tsada ba. Tana so ta taɓa ƙofar gidan da aka haife ta a gindin tudu, sannan ta shiga jirgin fito da safe ta kalli garin daga kan ruwa. Labarin da muka taso muna ji ne. Ranar da ta bi Baba tana amarya, 'yar shekara goma sha tara, mahaifinta ya ce in ta auri manomin dankali kada ta nemi albarkarsa, ita kuma ta shiga jirgin ta zauna ta juya wa garin baya har suka ƙetare, ko waiwaye ba ta yi ba. Shekara sittin da takwas ke nan. Ta koma sau biyu jana'iza, ta kan gada, cikin ƙanƙara, ba ta ga komai ba sai cikin coci. Ta sha ambata mini jirgin nan, ni kuma kasuwa ba ta jiran kowa, kai ma ka sani.

Da ka faɗi ranakun, talatin ga Yuni zuwa biyu ga Yuli, nan take na tsayar da kai. Shekara talatin a Alberta ba su goge maka cewa ɗaya ga Yuli hayar gidaje take ƙarewa a ƙasarmu ba, rabin gari ya kwashe kayansa rana guda, motar haya kuwa tun sanyi bai tafi ba ake kama ta. Na tambaye ka baki da baki ko yaron nan tashi zai yi. Ka ce haba dai, ya sabunta hayarsa tun Maris. Ban yarda da kai ba, na kira shi da kaina. Ya ce wallahi Gwaggo, ina zan je, gidan nan ko kyauta aka ba ni wani ba zan bar shi ba. Can kafin mu ajiye waya sai ya ce, af, Gwaggo, ki zo da motarki ta kasuwa mana, Kaka za ta fi sakewa, kuma ki sauke akwatunan da ke ciki don ta rage shan mai. Har daɗi na ji, na ce yaron nan ya gaji tattali daga wajena. Na rufe rumfata ta kayan gona ana tsakiyar kakar sitiroberi, makon da kowane mai rumfa yake jira duk shekara, na wanke mota fes, na sa mata abu ɗaya tak a baya, keken guragun Baba, wanda ya yi shekarunsa huɗu na ƙarshe a kai, mai koren salatif a hannun dama. In ba shi Mama ba ta wuce taku goma, kuma unguwarsu mota ba ta shiga.

Akwai wuri ɗaya da nake da laifi, zan faɗa da kaina kafin wani ya riga ni. Da muka iso Lévis, garin da ke fuskantar Québec ta ƙetaren kogi, ranar Laraba, ga jirgin fito nan a gabanmu, Mama ta ce mu shiga mana. Na ce a'a, mota a jirgi biya ake yi, gada kuwa ba a biya, gobe da safe ma shiga da ƙafa, ya fi sauƙi. Na zagaya ta gada ina jin kaina mai wayo.

Mun samu Yannick da budurwarsa Maude suna jiranmu a ƙofa da fara'a irin ta masu sayar da tsohuwar mota. Hawa na uku suke, matakalar ƙarfe mai murɗewa a waje, suka ɗora Mama a kujerar kicin suka hau da ita suna Kaka sannu, Kaka yi hankali. Keken ya kwana a mota. Ina shiga na ga bango tsirara, sai tabon inda hotuna suka zauna. Na ce ina labule? Maude ta ce an kai wanki. Na buɗe ɗakin da za mu kwana, kwalaye har rufi, kowanne da rubutu, kicin, banɗaki, littattafai. Na dubi ɗanka. Ya sosa ƙeya kamar yadda kake yi, ya ce Gwaggo, abin ne ya zo ba shiri, sun samu wani gida can gaba mai tsakar gida, duk garin kuma ba mota ko ɗaya, amma aikin awa biyu ne, kafin goma na safe an gama, sai a tafi da Kaka yawo. Na ce ba shiri, amma kwalayen sun samu lokacin koyon rubutu? Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta.

Da ba don Mama na zaune tana shafa hannun kujera tana tambaya ko ta wace taga ake hango kogi ba, da na juya a lokacin. Na ce to, a gama da wuri. Ƙarfe shida na safe muka fara. Ka san yadda titi yake ran nan, kowa da katifa a ka, motoci sun hau kan juna, masu shigowa suna tsaye da nasu kaya suna duba agogo suna jiran a ba su wuri. Abokai shida da ɗanka ya ce za su zo, biyu suka zo, ɗaya da hannu a naɗe. Ni, mai shekara sittin da ɗaya, ni na riƙe ƙasan firij a matakalar nan mai murɗewa, Yannick yana sama yana cewa Gwaggo karkato hagu, a'a, ɗaya hagun. Bayan firij ga murhu, bayan murhu ga injin wanki. Mama aka ajiye ta a baranda a kan kwali da hularta ta coci da jakarta a cinya, a shirye tun ƙarfe bakwai. Duk sanda na wuce sai ta ce Réjeanne, an kusa? In ce saura kaɗan, Mama.

Sai bayan sawu na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya, na leƙa bayan mota na ce ina keken? Yannick ya ce ai ya sauke shi tun da safe don firij ya samu wuri, yana nan a bakin titi. Na ce bakin wane titi? Ya nuna mini. Yaya, a gefen tulin abin da suka zubar ya ajiye shi, tsakanin yagaggiyar katifa da fitila marar kai. Ranar ɗaya ga Yuli. Yaron da aka haifa a ƙasar nan, ya yi karatu har jami'a, ya ɗauki tsohon keke mai salatif ya jingina shi da shara a ranar da ko tsohon takalmi ka ajiye a bakin titi ka ba da shi ke nan. Katifar ma an ɗauke. Fitilar kaɗai ta rage. Ba zan rubuta abin da na ce masa ba, tunda Colette za ta karanta, amma masu shigowa gidan da suke ta yi mana tsaki tun safe sun yi tsit, matar ma ta kawo mini ruwa.

Ya hau waya yana neman inda ake hayar keken guragu, ko'ina a rufe, ranar hutu ce. Ya ce zai goya Kaka. Na ce ka goya ta a kan duwatsun titin nan masu santsi, ka kai mini ita asibiti, sai tafiyar ta cika. Da na hau na gaya wa Mama, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire hular ta ajiye a cinya, ta ce keken ubanku ne fa. Shi ke nan. Da yamma a sabon gidan suka kawo fiza da giya mai sanyi, ladan duk wanda ya yi dakon kaya a ƙasar nan tun kaka da kakanni, ɗanka ya miƙo mini yanka mafi girma yana cewa Gwaggo ke ce jarumar yau. A lokacin ne ka kira shi, ina ji kana tambaya ko komai ya tafi daidai. Ya ce ga Gwaggo. Ka ce ana kiranka wurin aiki.

Saura mana yinin Jumma'a kawai, don Asabar kasuwa. Na tashi da sassafe na zauna na yi tunanin abin kamar yadda zan yi in an ɗauke mini akwati a rumfa. Wa zai ɗauki tsohon keken guragu ranar tashi? Ba gurgu ba, mai bukata yana da nasa. Ba masu yawo da mota suna tsintar ƙarfe ba, da su ne da sun haɗa da fitilar. Wanda zai ɗauka shi ne mai kaya da ba shi da mota, kuma wanda ba shi da mota ba ya tashi nesa. Na tasa Yannick a gaba muka koma tsohuwar unguwar, na shiga kantin kan kwana, don duk wanda ya yi dako jiya nan ya sayi abin sha. Ban yi tambaya ba tukuna, na sayi kofi, na yaba wa mai kantin yadda ta jera kayanta, na gaya mata tumatirinta ya kwana biyu ta juya shi ƙasa. Sai da muka saba na ce ko ta ga wani da keken guragu jiya. Ta fashe da dariya, ta ce wa bai gani ba? Gaétan ne, ya wuce ta nan ya fi sau goma, sau ɗaya da talabijin a zaune a kai an ɗaure ta da bel kamar mara lafiya.

Titi huɗu daga nan muka same shi, wani siririn dattijo mai gashin baki, a ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, keken Baba a gabansa ɗauke da tukwane da kejin tsuntsu. Yannick ya buɗe baki zai ce ɓarawo, na take masa ƙafa. Na gaida mutumin, na ce keken nan namu ne. Ya ce naku ne har jiya da safe, baiwar Allah, abin da ke bakin titi ranar ɗaya ga wata na wanda ya riga sunkuyawa ne, ko jariri ya sani. Me zan ce masa? Teburin da nake baza kaya a kai shekara goma sha biyu, a bakin titi na tsince shi rana irin wannan. Na ce na tsohuwa ne mai shekara tamanin da bakwai. Ya ce Allah ya ja kwananta, shi ma ba yaro ba ne, an ƙara masa haya ne har ya kasa, shekara ashirin da biyu a gida ɗaya, ga murhunsa da gadonsa da kabad can a lungun bayan tsohon gidan, sababbin masu haya sun fito masa da su, ga hadari yana haɗuwa. Ya ce in ya gama zai mayar da keken inda ya same shi, wataƙila Litinin.

Ban fito da kuɗi ba, da na yi da ya raina ni, ni ma da na raina kaina. Na nuna masa motar, na ce ka ga waccan, da wannan ƙaton da ke bayana wanda Allah ya ba shi kafaɗa ya hana shi sauran? Sawu biyu, amma keke tukuna. Ya zagaya motar yana leƙe kamar mai saye, ya ce sawu uku, keke daga baya. Na ce biyu. Ya ce uwargida, na sa wa tayar hagu mai, na ɗaure birki, keken da na samu ba shi nake mayarwa ba. Na tura na ji. Gaskiyarsa ne, tun Baba yana da rai keken nan bai taɓa tafiya shiru haka ba. Muka tsaya a uku, keke tukuna. Ya ce da ni ce matarsa da bai rasa gida ba. Na ce da ni ce matarka da tun Maris ka kama mota. Ɗanka shi ya ɗauki murhun Gaétan, tsohon ƙarfe irin na da, ya sauka da shi matakala tara zuwa ƙarƙashin ƙasa, ni ina sama ina cewa karkato hagu, a'a, ɗaya hagun. Wannan kaɗai ne daɗin da na ji a tafiyar.

Amma safiya ta tafi, Yaya, kuma safiya Mama take so. Sai ƙarfe biyu muka sauka da ita gindin tudu, cikin cunkoson baƙi masu ɗaukar hoto. Ita ta nuna mana hanya, ido a lumshe, tana cewa bayan cocin nan ƙarami a yi dama, ƙofa ta huɗu. Gidan yanzu kanti ne, ana sayar da riguna masu hoton gari da sabulu mai ƙamshi. Na tura ta har bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta shafa dutsen gefen, ta sami wani ɗan gurbi da ta ce ƙaninta ya fasa da guduma yana ɗan shekara shida, ta bar yatsanta a ciki. Yarinyar kantin ta fito tana tambaya ko muna neman wani abu. Mama ta ce a'a 'yata, na samu.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar Laraba, na biya na shigar da mota jirgin fito, tunda hanyarmu ta gida ce. Yannick ya biyo mu, ya tura keken har bayan jirgi ya danna birkin Gaétan. Ƙarfe huɗu da rabi, rana ta koma bayan gari, tana dukan ido. Ni mai ido biyu sai da na kare fuska da hannu. Da safe ne da hasken ya faɗa a kan garin, da ta ga ganuwa da koren rufin babban otal ɗin da ke kan tudu da jajayen rufin unguwarsu. Abin da ta samu baƙin tudu ne da tsinin hasumiyoyi, kamar an yanka su daga takarda. Ta tambaye ni ko rufin har yanzu kore ne, na ce kore ne. Ta gyaɗa kai. Sai na lura ba sama take kallo ba, bakin ruwa take kallo, inda mutane suke tsaye suna ɗaga hannu. Ta ce har yau ba ta sani ba ko mahaifinta ya zo wurin nan ran nan, tunda ba ta waiwaya ba. Ta yi ta kallo har muka ƙetare, minti goma sha biyu, ko ƙiftawa da kyar. Ɗanka ya juya yana share hanci, wai iska ce.

Muna sauke shi muka kama hanya, na fara. Na ce Mama, Rosaire da ɗansa sun cuce mu, sun cinye miki safiyarki, wallahi sai na yi musu abin da ba za su manta ba. Ta bar ni na yi ta yi har na gaji. Sannan ta ce Réjeanne, rage gudu. Ta ce ita ta san yaron zai tashi tun watan Mayu, shi ya gaya mata a waya yana kukan rashin mota, ita kuma ta kira ka ta ce ka gaya mini kyauta ne, ka kuma maimaita. Na ce me? Ta ce shekara shida tana roƙona in kai ta, in ce bayan sitiroberi, sai bayan masara, sai bayan tuffa, sai ƙanƙara ta sauka a ce titi ba kyau. Ta ce da ta ce mini don idonta ne, da na ce bayan masara, amma ta san 'yarta, ba ta taɓa ganin abu kyauta ta wuce shi ba. Keken ne kawai ba ta sa a lissafi ba, wannan wautar jikanta ce shi kaɗai. Ta gyara hularta ta ce a tashe ta in mun iso. Ban sake cewa uffan ba har gida, awa uku. Armand ya ce bai taɓa ganin na shigo shiru ba, har ya tambaya ko an yi rasuwa.

Kada ka yi murmushi, ina ganinka daga nan. Maganar Mama ba ta wanke ka ba. Ita tsohuwa ce da ta yi dabara da abin da ya rage mata, kai kuwa ƙato ne da ya yi wa ƙanwarsa ƙarya a waya, ya samar wa ɗansa mota da ɗan dako, ya kira abin kyautatawa uwa, sannan ya ɓuya bayan layi marar kyau. Ni na ja ta shekara shida, na ji, ta faɗa mini a fuska, zan kuma daɗe ina jinta. Amma ni ina nan, ni nake ɗiga mata magani a ido safe da yamma. Kai shekara bakwai rabonka da gida. Furanni kake aikowa, ta shinshina ta tambaye ni launinsu. Ranar Talata ta cire hotonka da ke jikin firij, ta kai shi har bakin hancinta, ta juya shi wajen taga, ta ce mini wannan ubanku ne ko Rosaire? Na ce Rosaire ne. Ta ce ya yi ƙiba. Hoton shekara goma ne, Yaya.

Gari ta gan shi, ko da inuwarsa ce, an kuma makara da yini biyu da shekara shida. Abin da ya rage mata ta gani fuskarka ce, kuma ba zan yarda a sake makara ba. Ka zo ƙarshen Satumba, kada ka ce bayan wani abu, duk na riga ka amfani da su. Kuɗin jirgi naka ne. Ɗaki akwai, abinci akwai, kyauta ne. Sau ɗaya na faɗa, kuma ni ina gaya maka abin da ke bayansa tun yanzu, lokacin tuffa ne, akwatuna ɗari uku, bayan Armand kuma ka ji halin da yake ciki. Ka zo da takalman aiki. Da safe kuwa, kafin a fara komai, za ka zauna a gabanta kusa da taga inda haske yake faɗowa, ka yi shiru, ta kalle ka har ta gaji.

Ka gaida Colette, ka ce na gode da karatun. Ka gaida 'yarka Solange da mijinta da 'yan biyunsu, Allah ya raya su. Armand yana gaisuwa. Mama ta ce in gaishe ka, in kuma ce kada ka ji tsorona, na ce wannan ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta don ta sa ni rantsuwa. Yannick kuma kada ka gaishe shi a madadina, na san lambarsa, har yanzu ban gama da shi ba. Keken Baba yana nan a falo, na ɗaure shi da sarƙa a ƙafar tebur.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Réjeanne